Kifin Garu

A Illela, zamanin ƙuruciyata, idan mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai a dube shi a murmusa a ce, "Wanga kihin Garu na." Shi ke nan an gama da shi. Mata suna faɗa a bakin rijiya, dillalai suna faɗa a kara wurin cinikin dabbobi, har mutanen Ƙonni masu ƙetaro iyaka ranar kasuwa sun ɗauki maganar sun kai gida, ba su ma san inda ta samo asali ba. Ni kuwa na sani, domin mai kifin kakana ne, mahaifin babana, kuma a gabansa na tashi.

Sana'ar Kaka ginar rijiya ce. Mu can ba mu cewa haƙa, gina muke cewa. Tun yana saurayi, kafin Turawa su zo su kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, mutanen Garu suka kira shi ya gina musu rijiya. Da ya yi nisa ƙwarai, wajen gaba goma sha biyu, sai daginsa ya tsaga wani dutse mai ɓarewa falle-falle. A cikin tsagar ya ga kifi kwance, tsawon hannunsa, da ƙayoyinsa a jere da haƙoransa, duk ya zama dutse.

Magina rijiya suna da ka'ida: abin da ka gani a ƙasa, a ƙasa kake barinsa. In ka fito kana ba da labari, masu rijiya sai su tsorata su ce akwai mutanen ɓoye, su ƙi shan ruwan. Kaka ya san wannan sarai, amma ƙuruciya da murna suka ɗebe shi. Ya ɗaga kai ya kwarara ihu, "Kihi! Kihi cikin dutse!" Masu riƙe da igiya suka zaci iskar ƙasa ce ta taɓa masa kai, suka finciko shi waje. Ya rantse, ya koma ya sa dutsen a kwando, amma kafin kwandon ya iso sama duk ya marmashe. Haƙori ɗaya tak ya tsira. Wani ya ce na kura ne, wani ya ce tsinin kibiya ne, kowa ya yi dariya. Kaka ya kai haƙorin ga baduku aka ɗinke shi cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya, bai sake nuna wa kowa ba.

Labarin dai bai daina bayarwa ba, a cikin gida. Kuma ba ya taɓa faɗa wa kifin kai tsaye, sai ya bi da kai ta kowane hawa na ƙasa. "Yashi tukuna," in ji shi, yana tufkar igiya a cinyarsa. "Sannan jar ƙasa. Sannan marmara mai cin dagi. Sannan hwarin dutse mai kumba a ciki." Kumba ita ce ɓawon nan na gulbi da mata ke kankare tukunya da shi. In ya tsaya ya gyara zama, kakata, wadda muke kira Iya, sai ta karɓa daga bakin murhu, "Sannan baƙar laka mai wari awa ruɓaɓɓen ƙwai." Shi kuma ya ƙarasa, "Sannan dutse mai hwalle. Nan kihi ya kwana." Na haddace wannan jeri tun kafin in haddace harufan allona.

Ina ƙarami babu labarin da nake so kamarsa. Da na fara fita wasa sai na gane abin da gari ya mayar da shi. Shugaban masu tsiya wani wanzami ne da ke aski a gindin tsamiya a bakin kasuwa, mutum mai baki kamar askarsa. Shi ya naɗa wa Kaka sarautar Sarkin Ruwan Garu. Duk lokacin da tsoho ya gifta sai ya ɗaga aska ya yi jinjina, "Ranka shi daɗe, yau an yi kamu?" Kaka ya amsa gaisuwa kawai ya wuce. Wata rana ina durƙushe gaban wanzamin yana yi mini aski, ya kwaikwayi ihun Kaka daga cikin rijiya, har da maƙe murya. Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi, don ina so a san ba na cikin shirmen. Da na ɗago sai ga Kaka tsaye da igiyarsa a kafaɗa. Ya dube ni, ya ce aski ya yi kyau, ya tafi. A lokacin na riga na yanke a raina cewa kakana mutumin kirki ne mai ƙarya guda ɗaya.

Da aka aiko a tara yaran da za a kai makarantar boko a Sakkwato, masu hali suka ɓoye nasu a rumbu da ƙauyukan ƙetare. Jikan magini ba shi da wanda zai ɓoye shi, sai aka rubuta ni. Innata ta yi kuka kamar an ce ba zan dawo ba. Ni kuwa a ɓoye murna nake yi, za ni inda ba wanda ya san kifin Garu. Ashe na yi gaggawa. Ban cika mako ba na ji wani yaro ɗan Gwadabawa ya jefa wa wani maganar a wurin cin abinci. Na sunkuyar da kai na ci tuwona.

A shekarata ta uku aka ce mana za a yi baƙo, Baturen rijiya, wanda ke yawo ƙasa-ƙasa yana duba inda za a sami ruwa. Dogo ne, rana ta gasa masa kunnuwa har suna saɓa. Yana jin Hausa, amma a wurinsa kowa mace ne. Malaminmu ma, mai gemu har ƙirji, "ke" ya ce masa, muka cije leɓe don kada bulala ta tashi. In Hausar ta ƙare masa sai ya koma Turanci, malam ya fassara mana.

Ya buɗe wani akwatin katako cike da duwatsu, ya ɗaga ɗaya ya ce mene ne wannan. Muka ce kumba. Ya ce a ina ake samun kumba. Muka ce a gulbi. Ya ce to wannan a kan tudu ya tsince ta, inda ko raɓa ba ta daɗewa, kuma ba kumba ba ce yanzu, dutse ce. Ya ba mu muka taɓa, muka ƙwanƙwasa, wani har ya gwada da haƙori. Sannan ya faɗi maganar da ta tayar da aji: wai duk ƙasar nan tamu, daga Sakkwato har bayan Ƙonni, a wani zamani mai nisan da ba ya ƙirguwa, ƙarƙashin teku take. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Ni babban ruwan da na sani tafkin Kalmalo ne. Ɗan Gwadabawa ya zungure ni ya raɗa mini, "Kihin Garu." Na yi yaƙe.

Sai Bature ya zaro wani ƙaramin abu baƙi mai sheƙi, mai tsini, gindinsa a rabe biyu. Ya ce haƙorin wani kifin teku ne da ya mutu ya nutse cikin laka, laka ta rufe shi, wata ta rufe wannan, har abin ya daskare. Ban taɓa ganin haƙorin Kaka ba, yana cikin fatarsa, amma sau nawa na shafa layar nan ina kan cinyarsa? Yatsuna sun san tsinin, sun san rabuwar gindin. Da abin ya zagayo hannuna sai na gane shi nan take. Na riƙe shi har na kusa da ni ya fizge.

Daga nan ya zana ƙasa a allo, hawa-hawa, ya ce na ƙasa ya girmi na sama, kamar juji, sharar bara tana ƙarƙashin ta bana. Ya ce in ka bi hawan nan daga ƙasa za ka tarar dabbobin can ba irin na yau ba ne. Wasu sun ƙare ƙurmus, wasu kuma sun yi ta sauyawa kaɗan-kaɗan, ɗa ya ɗan bambanta da uba, jika ya ɗan bambanta da ɗa, har a wayi gari na ƙarshe bai yi kama da na farko ba. Malam ya yi ta fama da fassara, yana ta "kakannin kakannin kakanni" har numfashinsa ya ɗauke. Wani yaro mai ƙarfin hali ya tambaya, to mutane fa? Bature ya sosa kunne ya yi wata doguwar magana da muka tsinci biri a ciki. Malam ya fassara rabi, ya haɗiye rabi, ya rufe da "Allah ne masani." Yara suka yi ta cacar baki a kan birin nan har wata guda. Ni ko a jikina, hankalina yana kan kifi.

Da aka tashi na bi shi a guje har wurin dokinsa. Ban taɓa yi wa Bature magana ba, ban san ta inda zan fara ba. Sai kawai na ji ina karanto masa, "Yashi tukuna, sannan jar ƙasa, sannan marmara mai cin dagi..." Ya tsaya da ƙafa ɗaya a likkafa. Ya sauko, ya zaro wata takarda mai zane daga jakarsa, ya ce in sake. Ina faɗa yana bi da yatsa, kowane hawa yana nan inda Kaka ya ajiye shi, sai baƙar laka kaɗai ce babu a takardar. Ya ce, "Wa ta koya miki?" Na ce kakana, magini ne a Illela, ya ga kifi a rijiyar Garu. Wannan ne karo na farko da na faɗi maganar nan da bakina ba tare da kunya ba. Ya rubuta, ya hau doki ya tafi, ni kuwa na koma aji ina tsalle kamar ɗan akuya.

Da aka ba mu hutu na biyo fatake masu jakuna, kwana uku muna tafe, labarin yana cina. Ashe labarin biri ya riga ni isa. Ina sallama Kaka ya miƙe daga tabarma ya juya mini baya ya ɗage riga. "Maraba da ɗan boko! An ce ka koyo kakanka biri na. To ga ni, diba da kyau, ina wutsiyar?" Iya ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. "Angona, kar ka kula shi," in ji ta, "ni da nis san shi tun yana hawan giginya ban musanta ba."

Ko ruwa ban sha ba na ce, "Kaka, kihinka gaskiya na! Na ga haƙorinai da idona!" Na zazzage masa komai, teku da kumba da takarda mai zane. Na zaci zai rungume ni. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wa yac ce gaskiya na?" Na ce Bature. Ya ce, "To." Ya jawo igiyarsa ya ci gaba da tufka. Abin ya ɗaure mini kai, har na ɗan ji haushi, na sha rana da ƙaya na kawo masa albishir ya karɓa kamar an ce masa gobe Talata.

Baffana, ƙanen babana, mai makarantar allo a unguwarmu, shi ya zauna da ni a kan maganar sauyawar halitta, don a tabbata boko bai ɓata ni ba. Ya ce kifi a tudu ai ruwan Ɗufana ne. Na ce Bature ya ce abin ya girmi Ɗufana nesa. Ya ja carbinsa, sannan ya ce Wanda ya yi kifin ba ya gagara kwantar da shi cikin dutse, kuma ba ya gagara juya halittarsa yadda Ya so, amma maganar biri a bar wa masu ita. Iya tana gefe tana sussuka ta sa baki. Ta ce ita abin bai ba ta mamaki ba, ai kowace kaka zangarniyar da ta fi cika take warewa don iri, shi ya sa geronta ya fi na uwarta tsawo, in kuwa aka yi sakaci aka bar shi sai ya koma shibra, geron banza mai kakkaɓewa. Baffa ya ce, "Inna, ke ma boko kika shiga?" Daga nan aka bar ni da karatuna.

Saura kwana kaɗan hutu ya ƙare, da hantsi, sai ga dogarin hakimi a ƙofar gidanmu, wai Bature ya sauka yana neman tsohon magini. Gari ya ruɗe. Innata ta fara salati, wanzami kuwa ya bar kan wani rabi a aske ya biyo mu yana cewa, "Na hwaɗi! Ƙaryag ga ta kai ga Nasara!" A gindin tsamiyarsa ma aka yi zaman, don nan ce inuwa mafi girma.

Baturen rijiya ya cire malafarsa ya zauna a tabarma, ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Ya gaida Kaka, "Sannu, tsohuwa." Aka yi ta toshe baki da hannun riga. Bature ya fito da haƙorin kifinsa ya ajiye a kan faifai. Kaka ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire layar daga wuyansa, ya miƙa hannu ga wanzami ya ce, "Ara min askakka." Da askar mutumin nan aka farke ɗinkin da ya shekara arba'in. Kaka ya ajiye nasa kusa da na Bature. Kamar daga baki ɗaya suka fito, sai dai na Kaka ya fi girma, kuma ban taɓa jin daɗin wani fifiko kamar wannan ba.

Sai gardama ta tashi a kan baƙar laka. Bature ya buɗe takardarsa ya ce shi bai gan ta ba a duk inda ya duba. Kaka ya ce, "Yaro, tambaye shi, dagi nawa yak karya a ƙasag ga?" Na fassara da ladabi gwargwadon iyawata. Bature ya yi dariya ya ce a je a gani.

Kashegari rabin Illela ya tafi Garu, wasu a jaki wasu a ƙasa. Rijiyar tana nan ana sha, ruwanta ya ja baya saboda rani. Kaka ya tsufa da shiga, amma shi ya ɗaura wa Bature igiya a ƙugu da irin ƙullinsa, ya tsaya a baki yana ba da umarni. Ana sassauta igiya Kaka yana kira, "Yashi!" Daga ciki a amsa, "Yashi!" "Jar ƙasa!" "Jar ƙasa!" Jama'a suka ɗauka, kowane hawa sai a amsa baki ɗaya, muryar Bature tana ƙara nisa. Da aka wuce farin dutse sai shiru. Can muka ji tari, sannan aka girgiza igiya. Da aka jawo shi, farin wandonsa ya koma baƙi ƙirin, wari kuwa har yara suka watse. Ya ɗaga damtsen laka sama ya nuna Kaka ya ce da ƙarfi, "Tana da gaskiya!"

Iya ce ta fara rangaɗa guɗa, matan Garu suka taya ta. Ni na yi ta tsalle ina dariya ina hawaye, ban damu da wanda ya gani ba. Bature ya jingina takardarsa a gwiwa ya zana sabon hawa da hannunsa mai laka. Wanzami ya kutso yana cewa ai shi daman tun farko ya ga alamar abin, wani dattijon Garu ya ce masa, "Wanga kam kihin Garu na," aka sake ɓarkewa. Maganar ba ta mutu ba, har yau ana faɗa, sai dai a Illela akan sami mai amsawa cewa ai shi wancan kifin an gan shi.

Ranar da zan koma Sakkwato, bayan la'asar, na tarar da Kaka a inuwar rumbu yana tufka, Iya tana daka a gefe. Baduku ya sake ɗinke layar. Ya ce in zauna.

"Abokina," in ji shi, bai ɗago ba, "da Bature bai zo da haƙorinai ba, da ka yarda da ni?"

Nan take na tuna tsamiya, da aska a kaina, da dariyar da na yi. Ashe bai manta ba, kuma ashe abin da "to" ɗin nan nasa ke nufi ke nan. Kunya ta rufe ni. Na so in ce i, na kasa.

"A'a, Kaka," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, sai ya tuntsire da dariya har igiyar ta suɓuce masa. "Madalla! Da ka ce i, da na ce kihin Garu na." Ban taɓa jin maganar nan a bakinsa ba sai ranar. Ya cire layar ya rataya mini a wuya, ya ja kunnena kaɗan.

Na share ido na tambaye shi ko a duk shekarun nan an sami wanda ya yarda ba tare da ya ga komai ba. Ya nuna Iya da haɓa. Ya ce lokacin da gari ke yi masa dariya aka kai gaisuwar aurenta, ƙawayenta suka ce za ta auri mahaukaci. Na juya na ce, "Iya, ke yaya kika san akwai kifi cikin dutse?"

Ta tsayar da taɓarya ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ni mi nis sani ga kihi, angona? Na dai san shi ba shi ƙarya."

Ta ci gaba da dakanta.